Ba Iska Ba Ce, Katako Ne

Ranar sunan ɗiyar Hamisu ina zaune bakin ƙofar ɗakina, sai na ji matarsa tana tambayarsa yaushe aka sake kwanon rufin gidan nan. Ko tsayawa tunani bai yi ba.

"Ai shekarar iskokin Inna ta," in ji shi.

Ya faɗe ta kamar yadda ake cewa shekarar ambaliya, kowa ya gyaɗa kai, aka ci gaba da rabon goro. Ni kuwa na bakina na tofar, don ya daina daɗi. Wato na zama kalandar gida ke nan: abu kaza kafin iskokin Inna, abu kaza bayan iskokin Inna. Shekara goma sha biyu ina haɗiye wannan magana, yau na ƙoshi. Na sa an sayo mini kaye, wato littafin rubutu irin na 'yan lakwal, 'yan makarantar boko, bokon da na koya a ajin manya zai yi aikinsa. Ke Ladi, kai Hamisu, ke Zali, ku karanta, ku karanta wa 'ya'yanku. Ban taɓa yin iska ba, ko ta yini ɗaya.

Kun san aikina, amma daga bakin akushi kuka san shi. Mu matan ƙungiyar turara shinkafa ta nan Malanbil muna karɓo shinkafa mai ɓawo daga manoman fadamar bakin kogin Kwara, mu jiƙa ta ta kwana, mu turara ta a manyan tukwane, sannan mu baza ta a daɓe ta bushe. Daɓen nan shi ne dukiyarmu. Fili ne na siminti sumul a bayan mangazar ƙungiya, wato siton da muke tara buhuna, kuma duk garin babu wuri mai santsinsa. Kowace mace da yankinta, tsakanin shanya da shanya an bar 'yar hanya wadda faɗinta bai wuce tabarma ba. Shinkafar da aka turara ba a barinta ta kwanta. In ba a juya ta akai-akai ba sama ta ƙone, ƙasa ta yi tsami, a kai inji ta kakkarye. Da ƙafa ake juyawa, a shiga cikinta ana jan ƙafa ana yin layi-layi, tun hantsi har la'asar. Doka kuwa ɗaya ce tak: ba a hawa daɓe da takalmi. Takalmi na kwaso tsakuwa da kashin awaki, kuma abinci ne, ba a taka abinci da takalmi. A bakin daɓe ake tuɓe su a jere kamar ƙofar masallaci. Ni ma na yarda da dokar nan, na sha korar masu karya ta da bakina mai kaifi, kada ku ce na ɓoye nawa.

Ciwon sukari ya shige ni ba sallama. Na san da shi, ina shan magani, amma ban san yana kashe jin ƙafa ba. Wata rana farkon bazara na dawo gida, Ladi na zuba mini ruwan wanke ƙafa sai ta saki butar ta yi ƙara. Tafin ƙafata na hagu ya yi bororo ya fashe, faɗinsa kamar bakin kofin shayi, ni kuwa ban ji komai ba. Siminti ya dafa ni tun hantsi ina ta hira. Washegari Ladi ta raka ni wurin Majo, babban ma'aikacin ɗakin shan magani na unguwarmu, mutum ne marar kwana-kwana. Ya wanke ciwon, ya ɗaure, ya dube ni ta saman tabarau.

"Hajara, ke ba ki jin zahi, amma naman shina ji. In kinka koma taka siminti mai zahi ba takalmi, wagga ƙahwa ba taki ta ba. Na hwaɗa maki gaban ɗiyarki."

Daga can ban zame ko'ina ba sai gidan Hajiya Fati, shugabar ƙungiyarmu, wadda muke kira perzidan. Ƙawata ce tun muna 'yan mata, ita ta riƙe mini kai ranar haihuwar Ladi. Na roƙe ta a bar ni in sayi silifa sabo fil, wanda bai taɓa taka ƙasa ba, in riƙa ajiye shi a mangaza, a daɓe kaɗai zan sa shi.

"Hajo, doka ba ni niy yi ta ba," in ji ta. "In na bar ki, gobe kowace ta zo da nata ciwo. Ki hiddo Ladi daga lakwal ta taka maki mana."

Ladi kuwa tana shekararta ta ƙarshe a kwaleji, jarrabawa na gabanta. Na riga na yi wa Allah alkawari babu ɗiyata da za ta bar aji don ta ja ƙafa cikin shinkafa. In kuwa na zauna gida, yankina na daɓe za a ba wata, kuma shinkafar nan ita ke riƙe da tukunyarmu, don aikin babanku na tuƙin kamyon, babbar motar kaya, yau akwai gobe babu. Haka na kwana biyar ina juyi, ƙafa a ɗaure, dabara ta ƙare.

Rana ta shida babanku, Allah ya jiƙansa, ya dawo daga kai albasa Kwatano da wani abu a hammata.

"Cikin kayan gwanjo na ishe shi," ya ce. "Na ce ko shi yi muna amalanken ɗaukar bidon ruwa."

Katako ne gajere, tsawonsa bai fi daga ƙasa zuwa ƙuguna ba, samansa da kaushi kamar dutsen goge ƙafa, ƙasansa tayoyi huɗu koraye masu taushi. Na baya biyu a tsaye suke, na gaba kuwa juyawa suke kamar wuyan kaza. Amalanke dai bai yiwu ba. Da aka ɗora bido, wato jarkar ruwa, aka tura, sai abin ya karkace ya yi kwana ya juye ruwan a kan tabarma. Babanku ya sosa ƙeya ya ce ai ya tuna, ya ga samari a bakin teku suna hawansa a tsaye, ba sa ko sa ƙafa ƙasa, jiki kawai suke kaɗawa abin ya yi ta tafiya. Ya tattare riga zai gwada mana. Ƙafa ɗaya ya ɗora, katako ya yi gabas, shi ya yi yamma, ya rungumi turmi. Na yi dariyar da rabona da ita tun kafin ciwo.

Da gida ya watse washegari, na jawo katakon kan simintin barandarmu, na kama igiyar shanya, na hau. Abin da ba ku sani ba, ko kuka manta, ni ɗiyar mai jirgin fito ce. Kakanku ya ƙare rayuwarsa yana ƙetarar da mutane tsakanin nan da gaɓar Gaya, kuma tun ban kai in ɗaura zane ba nake tsayawa a bakin kwale-kwale yana rawa. Da katakon nan ya motsa ƙarƙashina, jikina ya gane shi kafin kaina. Ba a tura shi da ƙafa. Ka danna yatsu ya karkata nan, ka danna diddige ya karkata can, kafaɗa ta fara juyawa, ƙugu ya bi ta, gwiwa a sake. In ka haɗa su a jere kamar mai tankaɗe, sai ka ga kana tafiya, ba wanda ya tura ka. Barandar nan taku huɗu ce da uku, amma ta ishe ni, don abin a ɗan wuri yake kwana. Na fara da zaga turmi. Bayan kwana uku na ajiye randa can gefe, in zaga turmi ta dama, in ratsa tsakani, in zaga randa ta hagu. Sau uku na faɗi, sau ɗaya har na fasa murfin randar na ce akuya ce. Cikin mako biyu na saki igiya. Kuma bari in faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: na ji daɗi. Daɗi na gaske, irin wanda mace mai shekara arba'in da takwas ta riga ta cire rai da shi. Ni da nake ɗingishi daga ɗaki zuwa madafa, ga ni ina yawo kamar ruwa na ɗauke da ni.

Ina kan katakon ne dabara ta faɗo mini. Itace ba ya ɗaukar zafi kamar siminti. In ina bisa, ƙafata ba ta taɓa daɓe. Hanyoyin da ke tsakanin shanya sun fi barandata faɗi. Abin da ya rage sai manjagara ta katako mai doguwar ƙota, wadda zan riƙa juya shinkafa da ita daga gefe. Na sa kafinta ya yi mini, na ɗauki katakona na kai wa Hajiya Fati gaban mata duka. Ta juya shi, ta shinshina shi, ta murza tayoyin da yatsa.

"To, wanga dai ba takalmi na ba," ta ce. "Amma kullum ki wanke tayoyin cikin bokiti muna gani."

Haka aka yi. Mako shida na yi ina aiki a kan katakon nan, kuma su ne mako shida mafi kyau a duk shekarun da na yi a daɓe. In bi 'yar hanya ina jan manjagara, in kai ƙarshe in yi kwana a wuri ɗaya ba tare da taya ta taɓa ƙwayar kowa ba, in dawo ta ɗaya gefen. Abin da ke cin mace rabin awa, ni kafin ta gyara ɗankwali na gama, har in juya wa tsofaffinmu tasu. Shinkafata ta bushe daidai, mai inji da kansa ya yaba. Matan suka yi ta shewa, wasu suka gwada suka zube. Hajiya Fati ma ta hau, ta ƙanƙame kafaɗuna tana ihu tana dariya, na ja ta daga bakin mangaza har ƙarshen daɓe. Ku riƙe wannan, za ku bukace shi nan gaba. Ciwon kuwa ya kama hanyar rufewa, ya dawo kamar ƙwayar gyaɗa. Majo ya duba ya ce ko mene ne nake yi in ci gaba da yi.

Abin da ya ɓata lamarin hijabi ne. Kun san nawa, dogo har ƙasa, kuma in na hau sai ya rufe katakon ruf. Wata safiya na riga kowa zuwa, ina zagaya daɓe ni kaɗai, sai ga matan Fulani masu kawo nono ta hanyar Madekali. Daga nesa abin da suka gani shi ne mace tsaye cikin farin hijabi tana tafiya ba ta ɗaga ƙafa, tana lanƙwasa nan tana lanƙwasa can. Ɗaya ta saki ƙwarya, suka zuba da gudu. Ban ga laifinsu ba, ni ma da na ga haka da na bar takalmina a wurin. Kafin ranar kasuwa labari ya cika gari, wai mutanen ruwa sun hau ɗiyar mai fito. Wani ma ya rantse ya gan ni ina ƙetare Kwara a tsaye, ba jirgi. Da aka gaya mini dariya na yi har da hawaye, na ce duk mai shakka ya zo ya gani da idonsa.

Nan na yi wauta, don sun zo. Wanda ya matso kusa ya ga katako, ya san ba aljani. Amma ya ga wani abin kuma, ya ga ƙugu yana juyawa. 'Yan dako masu loda buhuna suka mai da katangar mangaza wurin hutawarsu. Wani ya yi fito, wani ya kifa bido yana kaɗa mini daidai da kwanata. Ni uwar 'ya'ya uku, da ciwo a ƙafa, da manjagara a hannu, gumi na zuba, wai rawa nake musu! Matar da ke daka ba ta motsa jiki? Mai tankaɗe fa? Na ɗaga manjagara na kore su, suka dawo da abokansu. Ba wanda ya je ya ce wa ƙattin nan su sauka daga katanga su kama aikinsu. Ni aka aiko wa.

Alhaji Garba, wan babanku, shi ne babban gidanmu, maganarsa ba a mayarwa. Ya tara mu a zaurensa, ni da babanku da Hajiya Fati. Na durƙusa na gaishe shi, bai amsa da kyau ba.

"Hajara, gari ya rabu biyu," ya ce. "Rabi na cewa matar ƙanena ta yi iska. Rabi na cewa lahiyatta lau, da gangan take kaɗa jiki gaban 'yan dako. Mai iska ba a zaginta, tausayinta akai. Ke dibi wadda gidanga ka iya ɗauka."

"Yaya Alhaji, katako na hwa," na ce. "Ƙanenka yak kawo shi daga Kwatano. Ƙahwata nike wa magani. Hajiya, hwaɗa mishi, ke ma kin hau."

Hajiya Fati ta gyara mayafi, ta dubi bango.

"Ni dai, Alhaji, na ga idonta na juyawa in tana bisa abin."

Matar da ta ƙanƙame kafaɗuna tana dariya! Na juya wurin babanku. Yana zaune yana tsintar zaren tabarma da farce, kamar an aike shi ya ƙirga su.

"A bi maganar Yaya," ya ce, bai ɗago ba.

Ku lura da kyau, duk su ukun sun san babu iska. Ba jahilci ba ne, da jahilci ne da na yafe tuni. Sun auna ne suka ga mahaukaciya ta fi sauƙin ɗauka a kan mace mai hankali da ta yi abin da ba a saba gani ba. Ƙafata kuwa ko sau ɗaya ba ta shigo bakin kowa ba a zauren nan. Na tashi na ce ba ni da iska, ba zan ara ba, na fita ban yi sallama ba. Washegari na wanke tayoyina cikin bokiti na hau, jibi ma haka.

Rana ta uku Ladi ta dawo daga lakwal tun kafin azahar, ta shige ɗaki ba ta taɓa abinci ba. Da na matsa mata sai ta fashe da kuka. Samarin ajinsu sun jera a bayanta tun daga ƙofar makaranta suna kaɗa ƙugu, wani yana kiɗa da murfin kwano, 'yan mata na dariya. Ta ce ita da lakwal har abada, jarrabawa kuwa saura wata ɗaya.

"Inna, don Allah ki ce iska ta," ta ce, tana riƙe da gefen zanena. "In iska ta, ba laihinki ba na, ba laihina ba na."

Ladi, na san wannan magana tana cin ki har yau, na gani a yadda kike kauce wa kallon ƙafata. Ki saurare ni: shekararki goma sha shida, kuma gaskiya kika faɗa, haka garin yake. Ban riƙe ki ba, ko na minti ɗaya. Masu furfura nake riƙe da su, waɗanda suka bar yarinya ta zo ta roƙi uwarta ta haukace. Na hau katako don kada ki bar aji, ga shi katakon zai fitar da ke. Na aika wa Alhaji na ce na yarda, ya kawo malamin da zai fitar da iskar.

Malamin farko mutumin kirki ne, Allah ya saka masa. Ya yi karatu a kaina, ya yi mini 'yan tambayoyi, ya dubi ɗaurin ƙafata.

"Alhaji, wagga baiwar Allah lahiyatta lau. Ƙahwatta za ku yi ma magani."

Alhaji ya yi masa godiya ya raka shi ƙofa, ya aika aka ɗauko wani daga nesa, mai babbar murya. A ranar, tsakar gidan nan ba wurin sa ƙafa, har kan katanga mata. Aka zaunar da ni a tabarma, aka turara hayaƙi, ya kafa baki a kunnena yana karatu yana tsawa: wane ne kai, daga ina ka fito? Na ɗaga ido na hango Ladi a bakin ƙofar madafa ta cusa mayafi a baki. Sai na runtse ido, na kumbura murya, na amsa da Dendanci na ce daga ruwa nake. Gida ya ɗauki salati.

"Kun jiya! Dendanci takai!"

A Malanbil fa, inda ko akuya da Dendanci ake korarta! Dendancin da nake ciniki da shi kullum da waɗannan matan, yau shi ne shaidar aljani. Malam ya tambayi me nake so a jikin wannan mata, na ce katako. Ya ce in fita, na ce na fita. Na yi atishawa uku kamar yadda na ga masu iska na yi, na zube. Mata suka yi ta kuka suna shafa mini kai, wadda ta zage ni jiya ita ce mai yi mini fifita. Na yi ƙarya ana karanta Alƙur'ani a kaina. Wannan ita ce nake neman gafararta a kowace salla, kuma waɗanda suka shimfiɗa mini tabarmar su ma za su yi nasu bayanin.

Malam ya ce katakon shi ne gidan aljanin, a ƙone. Hajiya Fati da hannunta ta ɗauke shi, ta kai murhun ƙungiya, ta cusa ƙarƙashin tukunyar turara. An ce tayoyin sun yi wani baƙin hayaƙi mai wari, mata suka ce ga shaida nan. Shinkafar ranar duka ta ɗauki warin roba, ba ta sayu ba sai masu kaji. Allah ya yafe mini, da na ji haka sai da na yi murmushi.

Bayan kwana bakwai na koma daɓe, aka tarbe ni da sannu da jiki. 'Yan dako sun watse, ba abin kallo. Ladi ta koma aji, yanzu tausayinta ake ji, malamarsu har ta ba ta littafi. Na ja Hajiya Fati gefe na ce to na yi abin da kuke so, a bar ni da silifa.

"Hajo, doka doka ta," in ji ta. "Kuma ai an yi maki magani, kin warke."

Na tuɓe takalmina na jera shi cikin na mutane, na naɗe ƙafa da tsumma, na shiga shinkafa mai tururi ina ja. Zafin ƙarshen bazara kun san shi. Kwana goma ciwon ya buɗe, ya fi na farko. Na ɓoye, ina wankewa da ruwan gishiri a bayan ɗaki, don na san in Ladi ta gani za ta ajiye alƙalami ta zo ta taka mini. Sai da ta rubuta takardarta ta ƙarshe na je wurin Majo. Ya kwance tsumman, ya kau da kai.

"Ina katakon?" ya ce.

Na ce an ƙone. Ya jefar da almakashin hannunsa cikin kwano da ƙarfi, ya fita waje, ina jinsa yana faɗa shi kaɗai. Ladi ta ci jarrabawa, ina kwance aka kawo mini labari. Kafin damina ta yi nisa yatsun sun yi baƙi, aka ɗauke ni a kamyon ɗin babanku zuwa babban asibiti can kudu. Daga ƙasan gwiwa suka yanke. Babanku ya zauna bakin gadona kwana goma sha tara, yana ba ni kunu da cokali, bai taɓa ɗaga maganar ba, ni ma ban ɗaga ba. Ranar da za a sallame mu ne kawai ya ce, yana kallon ƙasa, da ya sani da ya bar abin cikin gwanjo. Na ce masa kawo shi ba laifi ba ne, shirun zaure ne laifi. Har ya koma ga Allah ba mu sake maganar ba.

Da muka dawo, wata Juma'a bayan an sauko masallaci, sai ga Alhaji Garba da jama'a a bayansa, ana turo keken guragu sabo, ko ledarsa ba a cire ba. Aka yi ta sa masa albarka, wai samun wan miji irinsa sai an tona. Aka ɗaga ni aka ɗora. Hajiya Fati ta kama bayan keken ta tura ni cikin barandar nan, ta zaga da ni turmi, ta zaga da ni randa, mata na tafi.

"Kin gani, Hajo? Ga tahiya ba wahala, ba ki ko taka ƙasa."

Na sunkuya na dubi ƙarƙashina. Taya huɗu ne, biyu a tsaye, biyu masu juyawa. Ina tafiya ban ɗaga ƙafa ba, gaban maza da mata, kuma duk tsakar gidan nan babu wanda ya ce iska ce.

A kan keken nake wannan rubutu. Alhaji ya rasu, na yi masa addu'a da baki, zuciyar kuwa ina nan ina lallashinta. Hajiya Fati tana nan da ranta, ta tsufa, ido ya tafi amma kunne garau. Zali, ke ce marar tsoro, ki ɗauki kayen nan ki je ki karanta mata, kada ki tsallake wurin da ta hau. Wani lokaci da hantsi, in gida ya yi shiru, sai in ji ƙafar hagun nan da babu ita tana danna yatsu, tana danna diddige, ƙuguna ya fara bi. Lokacin da ƙafar take nan ba ta jin wuta, yanzu da ta tafi katako take ji.

Kai kuma Hamisu, in an sake tambayarka yaushe aka sake kwanon gidan nan, ka buɗe baki da kyau ka ce shekarar da Inna ta samo wa ƙafarta magani da kanta, aka sa shi a murhu.